Jinin da Ya Ƙi Daskarewa a Ƙaho

Jiya ina zaune a bakin shagonku na Aboabo na ji ɗayanku yana cewa wai wanzanci ba sana'a ba ce, kowa ya samu reza ya zama wanzami. Ban tanka ba, don bakina cike yake da goro. Yau na gama taunawa, sai ku kashe injin nan mai kukan ƙuda ku saurare ni. Ba raina aikinku nake ba, kuna gyara kai ya yi kyau, na yarda. Amma ku gashi kawai kuke taɓawa, in kun yi kuskure mako biyu ya tsiro ya rufe muku asiri. Ni kuskurena yana kwance a maƙabarta tun ƙarshen shekarar 1969, sunansa Isufu.

Bari in fara da yadda na koya, don ku san ba ɗan dagaji ba ne ya yi wannan ɓarnar. A hannun Baffa Gambo na tashi, ƙanin mahaifina, a unguwar Moshi Zango, nan Kumasi. Shekara biyu cur bai bar ni na taɓa kan mutum ba. Wasa aska kawai, a dutse sannan a fata, har sai ta tsinke silin gashi a iska. In na kawo masa ya gwada a babban yatsansa ya yi tsaki, sai in koma. Aski kuwa a ƙwaurina na koye shi. Duk gashin da ya fito a ƙafata sai na kankare, ga tabon nan har yau in kuna son gani.

Ƙaho shi ne ya fi ba ni wuya. Mukan je mayanka mu zaɓo ƙahon ɗan maraƙi wanda bai karkace ba, a dafa shi, a ƙwaƙule cikinsa, a goge bakinsa ya yi sumul don kada ya ci fata, a huda tsininsa. Sai ka sa guntun jijiya a baki kana taunawa har ta yi laushi. Ka kafa ƙahon a bayan mutum, ka zuƙe iska, ka tura jijiyar da harshe ta toshe hudar, duk a numfashi ɗaya. In fata ta taso sai ka cire, ka yi 'yan tsage ƙanana da bakin aska, ka mayar da ƙahon ka sake zuƙa. Ranar da na fara, na zuƙa da ƙarfin hauka, jinin wani direba ya cika mini baki. Baffa bai ko ɗaga kai ba, ya ce in tofar in ci gaba, mutum na jira.

Abin da nake so ku riƙe shi ne kamannin jinin. In ka ɗaga ƙaho bayan ɗan lokaci, jinin ba ya zuba. A dunƙule yake faɗowa, baƙi-baƙi, yana rawa kamar yankan hanta a faifan mahauci. Ka karkaɗe shi a kaskon yashi, ka nuna wa mai shi ka ce, ga mataccen jinin da ke damunka. Ya duba ya ce kai, ashe wannan nake ɗauke da shi. Ka goge bayansa da tsumma, tsagen sun riga sun kame, ya sa rigarsa ya tafi yana miƙa. Sau dubu nawa na ga haka kafin waccan shekarar, ban san adadi ba.

Sharaɗi biyu Baffa ya kafa mini. Na farko, ba a sa wa mai zazzaɓi ƙaho, sai jiki ya yi sanyi. Na biyu, a fili ake aiki, kuma kafin aska ta taɓa mutum ka juya fuskarsa ga rana, ka ja fatar idonsa ƙasa ka duba. Na taɓa tambayarsa me ake dubawa. Ya ce haka ubansa yake yi, in na ga abin zan gane shi. Na farkon na riƙe shi gam, don akwai dalili a ciki da kowa zai fahimta. Na biyun kuwa, gaskiya, na ɗauke shi al'adar tsofaffi, irin gyaran murya kafin a shiga gida. Ina yi dai don ana yi.

Masu zuwa wurina yawancinsu masu aikin ƙarfi ne: 'yan kaya na babbar kasuwa, direbobin manyan motoci, masu sassaƙa. Har Asantawa sukan kawo 'ya'yansu kaciya, su tsaya nesa suna rufe ido. A cikin duka ba wanda muka saba da shi kamar Isufu. Ba'adare ne, ya zo Kumasi tun yana saurayi a bayan garken shanu, ya zauna ya koyi ɗaurin huhun goro. Aikin nan duƙe ake yin sa daga safe har la'asar, shi ya sa duk wata uku sai ya zo na sa masa ƙaho shida, uku a dama uku a hagu. Yana kwance rub da ciki bakinsa ba ya hutawa. “Wanzam, kai da kaska uwarku guda,” haka yake ce mini. Ni kuma in ce ya yi shiru ko in ƙara na bakwai a kan harshensa.

Yana da tsagen gidansu, dogaye uku a kowane kunci, daga gefen ido zuwa haɓa, an yi su da hannu mai kyau. Da matarsa Ramatu ta samu ciki bayan shekara takwas suna jira, ya zo ya zauna a gabana ya kama hannuna ya ɗora a kuncinsa. Ya ce, “Duba da kyau. In namiji na, kai za ka yi mishi wagga tsaga, kwabo da kwabo. Ban son ta karkace.” Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai ga fuskar nan kullum ina kallo, ranar suna sai in zaunar da shi in kwafa.

Sai shekarar ta juye mana. Wajen ƙarshenta aka yi shela a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Ku da aka haifa bayan haka ba za ku gane ba. Mutumin da ya shekara talatin a Zango, ya gina gida, ya binne iyayensa a nan, ya wayi gari baƙo. Keken ɗinki da gadon ƙarfe da tukwane a bakin hanya ana neman mai saye. Manyan motoci suna lodin mutane a kan buhuna. Ga jita-jita, yau a ce 'yan sanda sun kewaye kasuwa, gobe a ce ko asibiti ka je sai ka nuna takarda, in babu daga gadon jinya sai caji ofis. Mu gidanmu an haife mu a nan, muna da abin nunawa. Isufu ba shi da ko ƙyallen takarda.

A cikin wannan hargitsi wani zazzaɓi ya shigo. Ruwan ƙarshen shekara ya yi yawa, ga gidajen da aka gudu aka bari, duro da gwangwani da tsofaffin tayoyi duk sun cika da ruwa ba mai zubarwa. Wani sauro mai zane fari a ƙafa ya yi yawa, shi da rana tsaka yake cizo, gidan sauro bai dame shi ba. Wanda abin ya kama sai ya ji kamar an bi gaɓoɓinsa da kulki, bayan idonsa yana sara, jiki ya yi wuta kwana huɗu ko biyar, wani ƙuraje su feso masa. Yawanci suna tashi. Shi ya sa ba mu ɗauke shi da zafi ba, muna da abin da ya fi shi tayar da hankali.

Ran Asabar Ramatu ta zo ƙofar gidanmu da kanta, da tsohon cikinta, tana haki. Ta ce maigidan yana kwance tun jiya, ya ce in zo da zabira. Na je na taɓa goshinsa, zafi kamar bakin murhu. Ya riƙe mini riga ya ce ya samu wuri a motar da za ta tashi ran Alhamis, shi da Ramatu, tafiyar kwanaki ce a kan kaya, in bai miƙe ba wa zai riƙe ta? In sa masa ƙaho ya zubar da wannan ciwon ƙashi. Na ce a'a. Na faɗa da ƙarfina, har ina jin daɗin kaina, ga ni wanzamin da ya san ƙa'ida. Na ce sai jiki ya yi sanyi, ranar da zazzaɓi ya sauka a kira ni. Na ga takardun ƙwayar ciwon kai a gefen tabarmarsa, irin wadda ake talla a tire, sun fi goma a yayyage. Yana haɗiya bibbiyu, uku-uku, don ya samu ya tashi. Ban ce masa komai a kai ba, ban san akwai abin cewa ba.

Ran Laraba da hantsi ta dawo, fuskarta da fara'a. Ta ce, “Wanzam, jikin ya yi sanyi paa. Tun asuba babu zafi koraa.” Na ce alhamdu lillahi, na rataya zabira na bi ta.

Ɗakinsu yana can ƙuryar wani gidan haya. Na tarar an toshe taga da tabarma da buhu, an tura ƙofa, sai fitilar ƙwai ɗaya tana ci da rana tsaka. Jiya an ga 'yan sanda a layin, kuma a gidan akwai wanda ba su yarda da bakinsa ba. Na ce Isufu ya fito tsakar gida. Ya ce, “Wanzam, so kake a gan ni? Kwana guda ya rage. Yi nan.” Ramatu ma ta ce don Allah a yi a ciki, ita za ta riƙe fitila. Na ce a raina, hannuna ya san bayan nan ko a rufe da ido. Na durƙusa na buɗe zabira.

Na taɓa shi, sanyi ƙalau, har da ɗan gumi. Ya ce cikinsa na ciwo ta dama, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma ya yi amai sau biyu. Na ce yunwa ce, kwana biyar ba abin kirki a ciki. Na ga ja-ja a haƙoransa, ya ce asuwaki ne ya soke shi. Duk wannan na ji da kunnena na gani da idona, na wuce. Fuskarsa kuwa ban ko juya ta ba. A hasken fitilar ƙwai kowa rawaya ne, har ni.

Na kafa ƙaho shida a bushe. Da na cire, wuraren sun yi baƙi ƙirin, baƙin da ban saba gani ba tun ba a tsaga ba. Wallahi murna na yi. Na ce, “Isufu, ka tara datti, yau za ka ji sakayau.” Na yi tsage, na mayar, na zuƙa, na toshe. Muka zauna jira yana ba ni labarin garinsu, wai akwai wata rijiya da ruwanta ya fi na famfo daɗi, zai aiko mini a kwalba.

Na ɗaga ƙahon farko na kara kasko, ina jiran guda ya faɗo. Ba abin da ya faɗo. Ruwa ne ya kwararo, tsararo kamar zoɓo, ya bi ta haƙarƙarinsa ya sauka tabarma. Na ce ko ban bar shi ya jima ba. Na ɗaga na biyu, haka. Na uku, haka. Na leƙa cikin ƙahon, ko ɗigon guda babu, a wanke yake tas. Shekara goma sha wani abu ina wannan aiki ban taɓa ganin jinin ɗan Adam ya zauna a ƙaho ya fito yadda ya shiga ba.

Na cire sauran da sauri na goge bayan. Kafin in ɗaga tsumman, tsagen sun sake cika. 'Yan tsage ne fa, waɗanda ko yaro ya yi a yatsa zai tsotse ya ci gaba da wasa. Kowanne yana tsattsafowa a hankali, ba gaggawa, ba kuma tsayawa. Na danna auduga, ta jiƙe. Na barbaɗa garin bagaruwa, jini ya ɗauke shi. Na ce Ramatu ta kawo toka, na shafa, ta zama taɓo ja. Na yage rawanina na naɗe shi tam, ina kallo ja yana ratsowa fari. Isufu yana kwance fuskarsa a kan hannu, bai ga komai ba. Ya ce, “Wanzam, yau ka daɗe. Tsufa ka fara?” Muryarsa ta yi ƙasa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, har na manta yadda ake addu'a.

Wata maƙwabciyarsu mai koko ita ta ruga ta kira Baffa. Ya shigo ba sallama. Bai dubi bayan ba, bai dube ni ba. Ya fizge tabarmar taga ya yar, ya bankaɗe ƙofa, ya ce a kama a fitar da shi. Ramatu tana cewa za a gan shi, Baffa ya ce a gani. Muka shimfiɗe shi a tsakar gida, rana tana saman kai. Baffa ya durƙusa ya juya fuskar, ya ja fatar ido ƙasa da babban yatsa.

Farin idon Isufu ya zama kwaiduwar ƙwai.

Ba ɗan rawaya-rawaya ba, wanda za a yi gardama a kai. Daga ƙofar gida za ka hango shi. Baffa ya sa yatsu uku ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya danna kaɗan, Isufu ya ƙwalla ƙara ya naɗe. Baffa ya ce, “Hanta ce.” Sannan ya ɗago ya dube ni. Na fi so ya mare ni. Cewa kawai ya yi, “Sani, a ina ka duba idonsa?” Na ce ban duba ba. Ya ce, “To ka gani yanzu. Wannan ne abin da ake dubawa.”

Aka tsayar da tasi. Isufu yana roƙo, a bar shi, kada a kai shi asibiti, za su kama shi su bar Ramatu ita kaɗai. Baffa ya ce masa in an kama shi da rai za mu san inda za mu kai masa tuwo. Direban Ba'asante ne, ya ga jini ya ce yoo, ku sa shi, bai ko shimfiɗa komai a kujerarsa ba. Ni na rungume shi a baya, ƙirjina a kan tsagen, ina dannawa da jikina duka.

A asibiti wata nas ta tare mu. Ta tambayi sunansa, ta tambayi unguwa, ta tambayi kwana nawa yana ciwo. Ina tsaye ina jiran ta ce takarda. Ba ta ce ba. Likita ya zo, bai ce ba. Har muka bar wurin bayan kwana biyu ba mahalukin da ya nemi takardar Isufu. Kwana biyar yana ɓoye a ɗaki mai duhu saboda maganar da ba wanda ya san wanda ya fara ta.

Nas ɗin ta tashi kusa da Zango, tana jin Hausa irin tamu. Da ta kwance rawanin ta ga da'ira shida, ta juyo ta dubi zabirar da ke kafaɗata. Ta ce, “Kai ne wanzam? Kai ka yanka shi?” Na ce ni ne. Ta ce in zauna, likita zai yi magana, ita za ta juya mini. Abin da na fahimta shi ne wannan. Hanta ita ke haɗa abin da ke sa jini ya kame. Zazzaɓin sauron nan, a wasu mutane, yakan sauka a kan hanta ya kumbura ta, ta kasa aikinta, shi ya sa ido ke rawaya. Ƙwayoyin da ya yi ta haɗiya sun ƙara tsinka jinin. Likitan ya ce ba zai rantse ba ko shawara ce mai kisa ko kuwa wani zazzaɓin, mai karya ƙashi, wanda yanzu kuke ji ana kira dengi, don ba su da abin gwadawa. Amma ya ƙara wata magana. Ya ce a irin wannan ciwo, ranar da zafi ya sauka ita ce ranar hatsari. Ran nan ne jini ke neman hanyar fita, ta hanci, ta dasashi, ta ciki.

Wato ran Asabar da na ƙi, ina taƙama, na ce a kira ni in jiki ya yi sanyi, da bakina na zaɓi ranar da ta fi kowacce muni. Sharaɗin da na riƙe da gaske shi ya kai ni, wanda na raina kuma shi ne zai tsayar da ni.

Suka ce yana buƙatar jini. Ni da na shekara ina zubar da na mutane a yashi ina ce masa datti, aka kwantar da ni aka zuƙi nawa a kwalba, ana lallaɓa shi kamar man shanu. Baffa ma ya miƙa hannu, suka ce ya tsufa. Aka ƙara wa Isufu. Ran Alhamis ya ɗan farfaɗo, ya tambaya ko motar ta tashi. Na ce ta tashi. Ya ce to, wata za ta zo. Daga nan maganarsa ta fara rikicewa, yana kiran shanu da sunayensu. Ran Juma'a da safe ya yi amai baƙi. Ana kiran salla ya cika.

Likitan ya ce mini ko ban taɓa shi ba mai yiwuwa ne hakan ta faru, don cikinsa ma yana zuba. Na gode masa. Amma ni na ga tabarmar, na san abin da ya fita ta hannuna a ranar da ba shi da na bayarwa. Da aka ɗauko shi za a sa a makara, sai ga tabo shida sun ratso bayan likkafani, uku a dama uku a hagu. Duk wanda ke wurin ya san aikin wane ne. Ni kuma na kasa ɗauke idona.

Na rataye zabira a bango, na bar aiki. Baffa ne ya ci gaba da karɓar mutanena, kuma tsohon nan, da ya haura saba'in, ya canza ƙa'idar da ya gada. Duk wanda ya yi wannan zazzaɓin, ko ya warke yana tsalle, ba ƙaho ba tsaga sai ya yi wata guda. Wanda ya zo da ido rawaya kuwa Baffa da kansa yake raka shi bakin titi ya sa shi a mota. Mutane suka yi ta ƙorafi, wai wanzaman Moshi Zango sun zama 'yan koren asibiti. Wata rana muna zaune ya ce mini, “Rabin sani na ba ka, don rabin nake da shi. Amma rabin ma ba ka yi aiki da shi duka ba.” Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu.

Ramatu ba ta tafi ko'ina ba. Ita a nan aka haife ta, uwarta Badagomba ce, 'yar ƙasar nan. Farkon shekarar 1970 ta sauka, namiji. Ana gobe suna mai kokon nan ta zo ta ce Ramatu ta ce in zo da safe da aska. Na ce ta koma ta tambaya da kyau, ko Baffa ake nufi. Ta dawo ta ce, ni. Wai maigidan ya riga ya faɗi wanda zai yi.

Da safe na je. An raɗa wa yaron sunan ubansa, ana kiransa Audi, yadda ake kiran wanda ya zo bayan uba ya tafi. Akwai wani kawun Isufu da ya samu takarda ya zauna, shi ya miƙo mini jaririn a bakin ƙofar ɗakin nan dai. Na ga tagar a buɗe, an ma cire murfinta gaba ɗaya. Zan durƙusa a nan, sai muryar Ramatu ta fito daga ciki. Ta ce, “Ba nan ba. Ku fita da shi rana.”

Na fita da shi tsakar gida, daidai inda muka shimfiɗe ubansa. Na juya 'yar fuskar, na ja fatar ido. Akwai ɗan rawaya kaɗan, irin wanda jarirai da yawa kan yi a makon farko ya wuce. Na sha gani a baya ban kula ba. Na jiƙa kan, na aske shi tas, Allah ya taimake ni. Sannan na goge aska na naɗe ta na sa a zabira.

Kawun ya ce, “Tsagar hwa?” Na ce ba zan yi ba. Ya ce wasiyyar ubansa ce, kowa ya sani, in idon ne a jira ya washe. Na ce ko ya washe a nemi wani, ni askata ba za ta sake fitar da jinin gidan nan ba. Ya fara faɗa, yana cewa za a bar yaro ba alamar dangi kamar tsintacce. Ramatu ta ɗaga labule. Tun ranar asibiti ban ga fuskarta ba. Ta ce, “Kawu, a bar shi haka. Wanda ya zuba ya isa.” Ba a kuma nemi wani wanzamin ba.

Kun san shi. Alhaji Audi mai goro, wanda ke wucewa ta nan duk Juma'a ya ƙi shiga shagonku ya zo wurina, kuna cewa tsohon yayi ne. Tun yana yaro ni nake masa aski, kuma kun sha yi mini dariya in na juya fuskarsa ga rana na ja idonsa. Da ya kai shekara ashirin na zaunar da shi na gaya masa duk abin da na gaya muku, ban rage ko ɗaya ba. Na riga na shafa masa kumfar sabulu a fuska, aska tana hannuna. Sai ya ce, “Baba, ba mu da hotonsa. Yaya kamarsa take?”

Na juya askar, na sa bayanta. Na ja layi uku a cikin kumfar, daga gefen ido zuwa haɓa, na koma ɗaya kuncin na ja uku. Ba su karkace ba. Na miƙa masa madubi na ce, ga Isufu.

Ya riƙe madubin da hannu biyu. Da na ga kumfar ta fara bushewa na ɗauko tsumma.

Ya ce, “Dakata, Baba. Kada ka goge tukuna.”